Tarihin Littafin Firamare Da 'Ya'yanmu Haifaffun Sabo

A wannan fitowa muna so mu taɓa wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato maganar yaron nan da za ka ba shi littafi ya yi ta zuba karatu kamar mai labarai a rediyo, amma in ka tsayar da shi ka ce, "To, me aka ce?" sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. A gidaje da yawa na unguwar nan an yanke wa irin wannan yaro hukunci tun bai je ko'ina ba. An ce kansa ba ya ja, an cire shi daga makaranta an kai shi kasuwa ko gareji. Mu dai a ganinmu an ɗauki alhakin da yawa daga cikinsu, kuma in aka bi tarihin littafin da ake miƙa musu za a ga dalili.

Ga abin da ya tayar da zancen. Wata rana da la'asar muna zaune a rumfa, ciniki ya lafa, sai ga jikan wani maƙwabcinmu, ɗan aji huɗu, wanda ya koyi karanta Hausar boko a Islamiyya. Ɗaya daga cikinmu yana da wani tsohon littafin Hausa da ya taho da shi daga Zariya, sai ya miƙa masa don a gwada shi. Yaro ya karanta labarin wani manomi daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Labarin kuwa na yadda kaka ta zo ne, manomi ya cika rumbunsa. Aka tambaye shi me ya faru. Ya ce ai kakar mutumin ce ta zo ganinsa daga ƙauye, ta kawo kaya aka cika rumfa. Muka yi dariya har da hawaye, yaro ya tsaya yana kallonmu. Can sai wani dattijo ya ce, "Ku bar dariyar nan. A ina ya taɓa ganin rumbu?" Sai kowa ya yi tsit. A Sabo aka haife shi, a Sabo aka haifi ubansa. Gero a buhu ya san shi, bai taɓa ganin sa tsaye a gona ba. Kaka ɗaya ya sani, wadda ke saya masa ƙosai da safe. Babu kalmar da ta gagare shi furtawa, amma duniyar da ke cikin takardar ba tasa ba ce.

Wannan matsala ba a kanmu ta fara ba. 'Yan ƙasa, wato Yarbawa masu masaukinmu, sun riga mu ɗanɗana ta. A 1853 ne wani ɗan mishan Bajamushe mai suna David Hinderer da matarsa Anna suka zauna a Kudeti, a nan Ibadan da muke kira Badun, suka fara tara yara suna koya musu karatu. A Abekuta kuma tun 1859 aka fara buga jarida da Yarbanci, Iwe Irohin, wadda ita ce jarida ta farko a ƙasar nan. Manufar 'yan mishan a fili take, so suke mutum ya iya karanta littafinsu na addini da harshensa. Amma da aka zo ga Turanci, sai kawai aka kwaso littattafan da aka rubuta wa 'ya'yan Ingila, irin su Queen Primer da waɗanda ke biye da shi, aka jibge wa 'ya'yan Yarbawa. Yaron da ya tashi cikin doya da rogo da manja, sai ga shi yana haddar labarin ƙanƙara mai sauka kamar auduga, da 'ya'yan itatuwan da bai taɓa sa wa a baki ba, da yara masu kwana ɗaki ɗaya da kare. Ya haddace tsaf, wani lokaci ma ya ci jarrabawa, amma in ka ce ya maimaita maka da bakinsa, sai ka ji wani abu dabam.

Sai da malaman makaranta daga cikin 'ya'yansu suka tashi da kansu sannan abin ya fara gyaruwa. A 1938 wani malami, D. O. Fagunwa, ya fitar da littafinsa Ogboju Ode, labarin wani maharbi a ƙungurmin daji mai iskoki. Kowane ɗan Bayarabe ya taɓa jin irin wannan hira a bakin tsofaffin gidansu, saboda haka tun bai gama shafin farko ba ya san inda aka dosa. Bayansa kuma J. F. Odunjo ya fara fitar da jerin littattafan Alawiye cikin shekarun 1940, littafi bayan littafi har shida, cike da karin magana da gaishe-gaishe da sana'o'in gida da labaran kunkuru. Waɗanda suka taɓa zaman aji ɗaya da 'ya'yan Yarbawa a cikinmu sun ga abin da idonsu. Da malami ya ambaci Ijapa, wato kunkuru, sai ka ga aji ya ɗauki murmushi, don kowa ya san wayo da haɗama sun iso, kuma ƙarshenta zai ji kunya. Mu kuwa a gidajenmu Gizo ne mai wannan aiki, shi da matarsa Ƙoƙi. Kunkuru a wurinmu shi ne mai son dambe ba shi da yatsa. Sai mun kai tsakiyar labari kafin mu farga cewa ashe Gizo ne ya sake riga, su kuwa 'yan aji sun daɗe da yin gaba.

A Arewa ma an sha wannan fama. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausa ake koyarwa, sai dai abin karantawa ya yi ƙaranci ƙwarai. Daga baya aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, aikinta juya littattafan Larabci da na Turanci zuwa Hausa. East ya lura fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba, sai a 1933 ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙashin kansu. Daga wannan gasa ce aka samu Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Amma inda aka yi babban aikin shi ne Magana Jari Ce. A 1936 aka ɗauko Imam daga makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya don ya rubuta wa 'yan makaranta littafin karatu, kuma daga 1937 littattafan uku suka fara fitowa. Abin da masu karatu da yawa ba su sani ba shi ne, labaran nan da dama asalinsu ba na Hausa ba ne. An tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya karanta, ya ture su gefe, sa'an nan ya ɗinka wa kowane labari riga da hula. Sarki ya zama irin namu mai dogarai da fadawa, ɗan kasuwa ya zama falke, alƙali ya zauna a zaure, barkwanci ya zama irin na bakin kasuwa. Ɗan makaranta a Katsina ko Haɗeja in ya karanta, ba ya jin an kai shi baƙuwar ƙasa, garinsu yake gani, sai dai aku ne ke ba da labari. Shi ya sa har gobe in ka ambaci littafin nan a gaban dattijon da ya yi elemantare, sai ka ga fuskarsa ta washe. Imam ya gane cewa yaro ba da ido kaɗai yake karatu ba, har da abin da ya taho da shi daga gida.

To, 'ya'yan Yarbawa sun samu nasu, 'ya'yan Arewa sun samu nasu. Mu fa? Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya buɗe, kakanninmu suka yi ta saukowa kurmi. A 1916 aka yanka musu wannan unguwa ta Sabo. Da allonsu da tawadarsu suka zo, kuma a kansu suka tsaya. Ko da Cif Obafemi Awolowo ya kawo ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma a watan Janairu na 1955, dattawa sun ba mu labari cewa gidaje ƙalilan ne a Sabo suka tura 'ya'yansu. An fi faɗin dalili ɗaya, wato tsoron kada a juya wa yaro addini, tunda makarantu da yawa na mishan ne. Wannan gaskiya ne. Amma akwai na biyu da ba a cika faɗa ba. 'Yan kaɗan ɗin da aka tura, da yawansu sun yi shekaru sun dawo ba su tsinana komai ba, iyaye suka ce, "Ga shi nan, da ma mun faɗa." Babu wanda ya buɗe jakar yaron ya duba abin da ake ba shi ya karanta.

Abin mamaki, malamanmu na zaure da na Islamiyya sun san sirrin nan tun da daɗewa, ko da yake ba su ba shi suna ba. Mu da muka bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala mun san yadda ake yi. Malam ba ya barin ka wuce kalmar Larabci sai ya ba ka ita da Hausa, in kuma Hausar ba ta wadatar ba sai ya nemo misali daga ƙofar gidanku. Muna tuna ranar da aka zo babin zakkar dabbobi. Da aka ce shanu talatin ana fitar da maraƙi, arba'in kuma ana fitar da wadda ta fi shi girma, 'ya'yan dillalan kara tun malam bai rufe baki ba sun gane, har suna gardamar yadda ake sanin shekarun saniya ta haƙori. Da aka juya kan raƙuma, cewa kowane biyar ana fitar da akuya ko tunkiya har a kai ashirin da biyar, sai aji ya mutu. Babu wanda ya taɓa ganin raƙumi. Malam ya yi ta kwatance da dogon wuya da tozo, mu dai muka haddace muka wuce. Babin taimama ma haka ya zame mana, a garin da ruwan sama ke cinye gada, sai da famfo ya ƙafe wata shekara, muka yi kwanaki muna bin rijiyoyi da bokiti, sannan maganar rashin ruwa ta shige mu. Littafi ɗaya, malami ɗaya, yara su ne su, amma wani babi ya shiga wani ya ƙi.

A nan kusa da mu, a Ile-Ife, aka yi gwajin da ya fi kowane shahara a kan wannan batu a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka ɗauki yara a makarantar St. Stephen da ke Modakeke, suka raba su. Wasu aka koya musu komai da Yarbanci tun daga aji ɗaya har aji shida, lissafi da kimiyya da sauransu, Turanci kuwa ya zama darasi ɗaya cikin darussa, da malaminsa na musamman. Wasu kuma aka bi da su yadda aka saba, Yarbanci shekara uku sannan a juya Turanci. Ba harshe kaɗai suka canza ba, sun zauna sun rubuta sababbin littattafai, misalansu daga kasuwa da gona da gidan Bayarabe. Bayan 'yan shekaru aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu har na ƙauyuka. Sakamakon da suka bayar shi ne, yaran Yarbanci sun fi fahimtar darussa, kuma ko a Turancin ba a bar su a baya ba. Masu suka sun ce ai zaɓaɓɓun malamai da sababbin littattafai ne suka kawo nasarar, ba harshe ba. Mu dai ko an bi ta tasu, maganarmu ba ta faɗi ba, tunda sababbin littattafan nan ai rayuwar yaran aka zuba a ciki. Fafunwa ya zama Ministan Ilmi daga 1990 zuwa 1992, ya rasu a 2010.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa da kowa, kuma a lokacin ne aka kwashi da yawanmu aka kai aji, wasu suka daɗe, wasu shekara biyu ko uku aka maido su Islamiyya. A 1977 aka fitar da manufar ilmi ta ƙasa, wadda ta ce a fara koya wa yaro da harshen uwa ko harshen mutanen wurin da yake zaune, daga baya a koma Turanci. A takarda abin ya yi kyau. Amma ku lura da wannan "ko" ɗin, don a cikinsa aka bar mu. Ga ɗan Bayarabe a Badun harshen uwa da harshen gari abu ɗaya ne. Ga ɗan Sabo kuwa, Hausa a gida, Yarbanci a aji ɗaya, Turanci a aji huɗu, Larabci da yamma. Kada a fahimce mu a karkace, wannan arziki ne, kuma 'ya'yanmu sun fi mu jin Yarbanci nesa ba kusa ba, su ne ma ke yi mana tafinta a asibiti. Sai dai jin harshe a bakin titi dabam, sanin abin da ke cikin ɗakin masu harshen dabam.

Ga misali ɗaya da ba ma mantawa. An ba aji labarin tagwaye, Taiwo da Kehinde, aka ce Taiwo ne ya fara fitowa duniya. Tambaya a ƙasa, wane ne babba? Duk ɗan Sabo da ke ajin ya rubuta Taiwo, don a gidanmu Hassan ne ke fara zuwa kuma shi ne wa. Duk aka ba mu kuskure. Ashe a wurin Yarbawa Kehinde ne babba, shi ya aiki ƙanensa ya je ya ɗanɗano masa duniya tukuna. Amsar ba ta cikin takarda, tana gida, kuma ba gidanmu ba. Malamar ba ta yi don mugunta ba, ita a wurinta abu ne da ko jariri ya sani. Haka nan a littafin Turanci za ka ga uwa tana kiran ɗanta na fari da sunansa tana rungume shi a gaban baƙi, alhali yaronmu ya tashi yana ganin uwarsa ko sunan ɗan farinta ba ta faɗi saboda kunya. Ko a ce yaro ya yi kuka kwana uku don karensa ya ɓata, a tambayi dalili, namu ya rasa abin cewa. Daga baya an kawo littattafai masu sunayen gida, irin su Ali da Simbi, an kuwa yi ƙoƙari, sai dai ba ko yaushe sunan ke zuwa da gidan mai shi ba.

Wani ɗanmu da ya yi karatun koyarwa ya ba mu labarin wani bincike da aka yi a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, aka buga shi a 1979. An samu Amurkawa da Indiyawa, manya masu ilmi ba yara ba, aka ba kowa wasiƙu biyu da Turanci, ɗaya tana bayanin bikin aure a Amurka, ɗaya a Indiya. Kowane ɓangare ya fi saurin karanta bikin ƙasarsu, ya fi tuna abin da ke ciki, na ɗaya ƙasar kuwa ya murɗe shi ya koma irin nasu. An rubuta cewa amaryar Amurka ta sa rigar auren kakarta, wanda a wurinsu abin alfahari ne, sai aka samu daga cikin Indiyawa wanda ya fahimci cewa tsohuwar riga ce da aka daina yayi ta sa. Da muka ji haka muka ce to ai shi ke nan, in masu digiri sun yi wannan, ina laifin mai kaka da rumfa? A ba Bayarabe labarin lefe da gara da buɗar kai, a ba mu na doyar da suke jerawa a gidan surukai, a ga wanda zai tsira.

A watan Nuwamba na 2022, zamanin Minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa duk shekaru shida na firamare, kusan abin da Fafunwa ya nema tun shekara hamsin baya. Mu a nan ba mu ga malamin Hausa ko littafinta sun iso ba. A watan Nuwamba na 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke wannan tsari, an koma Turanci tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Masana suna ta ja-in-ja a kai, mu 'yan kasuwa ba za mu raba musu gardama ba. Abin da muka sani shi ne, ko an ce Turanci, ko Yarbanci, ko ma Hausar ce, in aka kawo mana littafin da aka rubuta wa ɗan manomin Daura ko ɗan Legas, yaron Sabo zai ci gaba da cin karo da rumbu. Daga 1916 zuwa yau, mu dai ba mu taɓa riƙe littafin karatu da aka rubuta shi a kan ɗan Sabo ba, mai kwandon goro da ganyen da ake lulluɓe shi, da tirelar shanu ta sauka da asuba, da maigida da baƙinsa fatake, da masu canji a bakin titi, da ruwan sama na wata bakwai.

Saboda haka muna kawo shawara ga shugabannin ƙungiya da a sa maganar nan cikin ajandar taro mai zuwa. Ba kuɗi mai yawa take nema ba. Muna da dattawa maza da mata da suka san labarin unguwar nan, muna da 'ya'ya malaman makaranta da za su rubuta shi gajere-gajere da Hausa mai sauƙi su kuma juya shi Turanci, muna da Islamiyyu da za a karanta shi ranar Asabar da Lahadi. Labaran Arewa ma kada a yar da su, a karanta, amma malami ya tsaya ya yi bayani yadda ake yi wa Risala.

Shi kuwa yaron, dattijon nan bai bar maganar ta wuce ba. Ya yi wa wani direba da ke ɗauko hatsi daga Dawanau magana, bayan mako biyu sai ga damin gero guda a saman kaya, da hoton rumbu a waya. Aka kira yaro aka ba shi zangarniya ya riƙe, ya murza ta a tafin hannu, tsaba ta zubo. Aka sake miƙa masa littafin. Da ya kai wurin, sai ya tsaya ya ɗago kai ya ce, "Baba, to ita kakar, sau nawa take zuwa a shekara?"